Yadda za ka gyara bayanin garinku a Wikidata don kwamfuta ta daina ruɗewa

Kwamfutar da ke koyon ilimi daga intanet ba ta taɓa taka ƙafa a garinku ba, abin da aka rubuta kawai ta sani. Dubi NELL, wata manhaja mai koyo daga intanet wadda Tom Mitchell da abokan aikinsa suka kunna a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 2010. A lokacin da take aiki, shafukan Turanci take karantawa dare da rana, in ta yi ta ganin wani suna kusa da kalmomin da ake faɗa wa gari, sai ta rubuta shi a jerin garuruwa. Kuskuren da aka yi ta kwafa kuwa, yawansa ne ke ƙara mata tabbaci. Shi ya sa nake roƙon duk mai waya da ɗan data ya leƙa Wikidata, rumbun da aka buɗe a 2012, inda Wikipedia da manhajoji da dama ke ɗibar bayani.

Buɗe asusu, kyauta ne. Kafin ka ƙirƙiri komai, nemo garin da duk rubutun da ka san ana yi masa, mai ƙugiya da marar ƙugiya. Sau da yawa yana nan, lakabin Hausa ne kawai babu. Kowane abu da lambarsa mai farawa da Q: Najeriya Q1033, Nijar Q1032.

Inda na fi so ka natsu shi ne ɗan taƙaitaccen bayanin da ke ƙarƙashin suna. Sabon Gari nawa ne a ƙasar Hausa? Na Zariya ƙaramar hukuma ce a Jihar Kaduna, na Kano unguwa ce a ƙaramar hukumar Fagge. In ka rubuta "wuri a Najeriya" ka tafi, ka bar na'ura ta haɗa kasuwar wannan da yawan mutanen wancan. Rubuta jiha, rubuta ko gari ne ko unguwa. Sannan ka koma guraben bayani, kowanne da lambarsa mai farawa da P: cika P17 da ƙasa, P131 da ƙaramar hukuma, P625 da matsayin wurin a taswira. Matsayin nan ka ɗauke shi daga tsakiyar gari, ba daga ƙofar gidanku ba.

Yawan jama'a, wato P1082, nan son gari ke kayar da mutane. Kada ka sa abin da ake faɗa a majalisa. Sa adadin ƙidaya tare da shekararsa, 2006 a Najeriya, 2012 a Nijar, ka liƙa madogara a ƙarƙashinsa: sunan takardar, wanda ya wallafa, da adireshinta in tana intanet. Wikipedia ba ta zama madogara a nan, sai ka bi ta zuwa inda ita ma ta samo.

Da ka adana, saka shafin cikin waɗanda kake sa wa ido. Idan wani ya soke gyaranka, kada ka yi saurin mayarwa. Je shafin tattaunawa, ka yi sallama, ka nuna masa takardar da ka dogara da ita.