Kada ka sayi kwamfuta mai tsada tukuna

Ɗan uwa mai karatun kimiyyar kwamfuta a nan Katsina, in kana son ƙera wasannin bidiyo, fara da Godot, wato manhajar da ake ƙera su da ita.

Kyauta ne, girmansa bai kai megabayit 200 ba. Unreal kuwa, wata manhajar ƙera wasanni, gigabayit masu yawa yake ci, datarka za ta ƙare bai gama sauka ba.

Ni da tsohuwar laftof na haɗa wasana na farko, wasan dara. Harshen rubuta shiri na Godot, wato GDScript, ya yi kama da Python, hannu na saurin sabawa. Ko babu intanet Godot yana aiki.

Amma fa in aikin kammala digirinka wasan 3D ne mai nauyi, ko malam ya ce sai manhajar Unity, dabarar ba za ta kai ka ba. Tambaye shi tun kana aji uku.