Gudun fanfalaki na Legas: kurakuran da mutanenmu na Katsina suka fi yi, da gyaransu

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, ma'aunin da ya samo asali daga gasar Olamfik ta Landan a 1908. A baki ba ya da ban tsoro. Amma in za a yi shi a layin tsere na mita 400, zagaye 105 ne da rabi, in kuwa a titi ne, ya wuce rabin hanyar Katsina zuwa Daura. Gasar birnin Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, ita ce mafarkin yawancin masu gudun sha'awa a wajenmu: malamin makaranta, ɗan kasuwa, ɗalibi, ma'aikacin banki. Ba wanda ke shirin kamo 'yan Kenya da Habasha a cikinsu. Burin dai a kai ƙarshe a kan ƙafa biyu, a rataya wa mutum lambarsa a wuya. Da su nake. Waɗanda ke kasawa galibi ba ƙarfi suka rasa ba, kurakurai ne 'yan kaɗan da ake ta nanatawa, kuma yawancinsu tun a gida ake tafka su.

Na farko shi ne na 'yan ƙwallo. Ka ce wa saurayi ya soma shiri tun Oktoba, sai ya yi dariya: “Haba Yaya, ni da nake buga minti 90 kullum da la'asar?” To ƙanena, ƙwallo daban, wannan daban. A ƙwallo za ka zabura, ka tsaya, ka taka a hankali, a tafi hutun rabin lokaci. A nan awa huɗu zuwa shida za ka yi kana dukan kwalta ba tsayawa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, shi ya sa cikin mako uku sai ka ji kamar ka gama shiri. Jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashin ƙwauri su ne ke ɗaukar watanni, su ne kuma ke kai ƙara. Wanda ya saba gudun kilomita goma yana buƙatar mako 16 zuwa 20. Wanda bai taɓa ba ya fara da gajeriyar tsere; gasar Legas ɗin ma tana da ta kilomita 10, ga ta Okpekpe a jihar Edo ita ma kilomita 10. Ba abin kunya ba ne.

Ƙanin wannan kuskure shi ne mayar da kowane atisaye gasa. Ka duba masu fitowa bayan asuba a wajen Karkanda ko titunan GRA: an tashi tare ana hira, kafin a kai shatale-tale na biyu wani ya ƙara wuta, saura sun bi don kada a ce an bar su, minti ashirin kowa ya dafa gwiwa yana haki. Haka ba ya gina juriya. Mafi yawan gudunka ya kasance a saurin da za ka iya ba abokinka labari ba tare da numfashi ya katse maka magana ba. Kwana huɗu a mako sun isa. Ɗaya daga ciki ita ce doguwar tafiya, a soma ta da kilomita 12 ko 14, ana ƙara kaɗan-kaɗan, duk mako na huɗu a sassauta, har a kai 30 ko 32. Wannan mafi tsawon a yi shi saura mako uku a shiga gasa, daga nan sai ragewa. Akwai masu ganin saura mako guda su ce bari su gwada 42 ɗin su gani. Sun gani kuwa, don sun ƙarar da gasarsu a hanyar Dutsin-ma. Kuma tunda an ambaci hanya: a halin da ake ciki, doguwar tafiyar duku-duku a yi ta cikin gari, a zagaya ƙofofi ko sau nawa ne, a cikin ayari. Kada a miƙe wajen gari ana neman titin da ba motoci.

Yanzu ga babban tarkon, wanda ya shafe mu fiye da mutanen kudu. Duk shirin ɗan Katsina yana faɗawa ne cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Iska busasshiya, sanyin asuba har da safar hannu, zufa na fitowa tana bushewa nan take, ka gama kilomita 25 rigarka kusan a bushe sai dai farin gishiri a wuyanta. Bushewar zufa ita ce ke sanyaya jiki, don haka hunturu yana yi maka rabin aikin ba ka sani ba. Agogo ya nuna maka minti shida a kowace kilomita, ka lissafa awa huɗu da kwata, har ka sanar da abokai. Sai ka sauka Legas, bakin teku, iska cike da laima. A can zufa ba ta bushewa, zuba take. Kafin kilomita biyar riga ta manne a jiki, takalmi ya fara caɓal-caɓal, zuciya na bugawa fiye da yadda ta saba a wannan saurin, domin jini ya rabu biyu: wani na ciyar da ƙafafu, wani ya tafi fata neman sanyi. A shekarun baya ana tashi ne daga babban filin wasa na Surulere da sassafe, a ƙare a Eko Atlantic, a tsakani kuma ga gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12, ba bishiya ba rumfa. Manyan 'yan tsere sun gama tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Mai awa biyar shi ne zai sha ta har hantsi ya dubi ludayi.

Gyaran biyu ne. Jiki yana ɗaukar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi, don haka a makonnin ƙarshe a mayar da wasu gajerun atisaye zuwa bayan la'asar ko hantsi, a ƙara riga a kai don a yi zufa sosai, a hankali, da ruwa a hannu. Na biyun ya fi wuya domin ya taɓa girman kai: duk lokacin da hunturu ya ba ka, ƙara masa minti 20 ko 30, ka ɗauki wannan a matsayin burinka.

Sha'anin ruwa kuma ana kuskure ta gefe biyu. Akwai masu jarumta, waɗanda hunturu ya saba musu gudu ba ƙishi, su wuce teburin ruwa uku ba su miƙa hannu ba. Akwai kuma waɗanda aka tsorata, duk teburin da suka iske sai sun shanye gora guda. Na biyun ya fi haɗari fiye da yadda ake zato. Ruwa zalla in ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, sai ciwon kai, amai, kumburin yatsu, ruɗewa, wani lokaci har rai. Wani bincike da aka yi a gasar Boston ta 2002 ya gano kusan kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma masu jan ƙafa irinmu, da ke daɗewa a hanya suna ta sha, su abin ya fi kamawa. Ka san jikinka tun a gida: hau sikeli kafin doguwar tafiya da bayanta, kowane kilo da ya ragu kamar lita guda ce ta zufa. Ranar gasa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishi, a haɗa da abin da ke da gishiri. Ƙullin gishiri da sukari na kemis, wanda ake ba mai gudawa, yana aiki, in dai ka gwada shi a atisaye.

Sai abin da ke jiran mutane tsakanin kilomita 30 da 35. Sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta yana da iyaka, kamar tankin babur ne, ba ya kai mutum ƙarshe sai an ƙara a hanya. In ya ƙare za ka gane mai shi daga nesa: kai a sunkuye, hannuwa sun saki, yana jan takalmi, ka yi masa sannu ya kalle ka kamar bai san Hausa ba. Awa guda da ta wuce shi ne ke ɗaga wa masu kallo hannu. Ba a jira yunwa. Daga minti 40 a soma ci, a riƙa samun kamar giram 30 zuwa 60 na abin zaƙi a kowace awa. Ba dole sai ɗan ƙullin abin zaƙin nan na 'yan tsere mai tsada na ƙasar waje ba. Dabino da aka cire wa ƙwallo, ayaba, zuma a ƙaramar leda, gutsuren mazarƙwaila, duk suna yi. Sharaɗin dai ciki ya san su a guje, ba a zaune ba.

Daren gasa ba daren yawon buɗe ido a gidajen abinci ba ne. Wake, yaji mai yawa, tsire, fura da nono da safe, duk a bar su sai an dawo. Shinkafa ko taliya da miya mara yaji da dare, shayi da burodi ko koko awa biyu zuwa uku kafin tashi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kowace shekara sai an ga mai sabon kambas fil daga kwali. Takalmin da za ka shiga da shi ya zama ka yi doguwar tafiya biyu ko uku a cikinsa. Na gwanjo ba laifi in ƙasansa bai cinye ba. Matsa shi da yatsa, in ya bushe ƙamas ba ya dawowa, bar shi. A saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar faɗin babban yatsa a gaba, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Safar auduga tana riƙe zufa ta jawo bororo. A shafa basilin ko man kaɗanya a matsematsi da hammata, maza su manna filasta a kan nono. Wanda ya taɓa ganin layin jini biyu a farar riga ba ya buƙatar bayani. Mata masu gudu da hijabi da dogon wando su nemi yadi mara nauyi wanda ba ya shan ruwa, su ma su gwada shi tukuna.

Akwai wanda ba na sassauci a kansa: magani. Haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin tashi “don kada ƙafa ta yi ciwo” ya zama ruwan dare, alhali su da rashin ruwa a jiki in suka haɗu ƙoda ce ke biya. Tramadol kuwa ba ma a maganarsa. Wanda zazzaɓi ya kwantar a makon gasa ya haƙura, kuɗin mota ba su kai zuciya ba. Wanda ya haura 40, ko mai hawan jini ko ciwon sukari, ya ga likita tun kafin ya soma shiri. A yi gwajin sikila kuma: mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ta kama shi ba, yana gudu lafiya, amma zafi da ƙishi da tilasta wa jiki sun fi yi masa illa, don haka in ƙafafu suka saki farat ɗaya ko numfashi ya sarƙe, tsayawa zai yi ya nemi masu agaji. A duba kalanda ma, domin a 'yan shekarun nan azumi yana zagayowa daidai wajen Fabrairu.

Tafiyar kanta wani atisaye ce. Katsina zuwa Legas ya haura kilomita dubu, wuni da kwana a mota gwiwa a lanƙwashe. Wanda ya sauka ranar Juma'a da dare ya shiga layi Asabar da asuba ya riga ya ci bashin ƙafafunsa. A isa da kwana biyu ko uku, a karɓi lambar ƙirji da wuri, a sami masauki kusa da wurin tashi don ana rufe tituna tun da duhu. Asuba tana shigowa dab da lokacin taruwa, saboda haka a fito da alwala, a san inda za a yi salla, kada a zo ana neman buta ana kiran layi.

Sai an busa. Kiɗa, jama'a dubbai, ƙafa ta huta mako biyu tana jin kamar ta tashi sama, ga 'yan gaba sun ɓace. Kelvin Kiptum na Kenya ya yi wannan tafiya cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, ƙasa da minti uku ke nan kowace kilomita. Irin waɗannan ba abokan tafiyarka ba ne, haka ma saurayin da ya wuce ka a guje da takalmin ƙwallo, za ka same shi zaune a bakin titi. Mai burin awa biyar minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi yake buƙata a kowace kilomita. Kilomita goman farko a yi su a hakan ko ma a ɗan rage sauri, ko da kana jin kunyar yadda ake wuce ka. Kowane minti da ka sata a farko za ka biya shi ninki a bayan 30. Takawa a teburin ruwa na daƙiƙa talatin ba gazawa ba ce, gara ka tsara ta da kanka tun farko da a ce jiki ne ya tilasta maka.

In an tsallaka layi kada a zube nan take. A ci gaba da takawa minti goma, a sha, a ci wani abu, a canza riga. Motar dare ta komawa gida a bar ta sai gobe ko jibi, in kuma an hau, duk inda direba ya tsaya a sauka a miƙe ƙafa. Mako guda ba gudu, ƙwallon la'asar ma ta jira mako biyu.