Yadda Ake Adana Ƙafar Injin Jirgin Ruwa da Batirinsa a Lokacin Hunturu

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa da hunturu, jirgin ruwa mai inji yakan yi watanni a ajiye, kuma yawancin ɓarnar da ake tararwa idan sanyi ya wuce tana faruwa ne a wannan zaman. Bayanin nan ya shafi jirgin da injinsa ke ciki, amma sashen da ke juya farfela yana manne a bayansa daga waje, irin na MerCruiser da Volvo Penta. Wannan sashe shi za mu kira ƙafar inji. Babban abokin gabarsa ruwa ne, domin idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, wanda ya isa ya tsaga ƙarfe.

Da farko a fitar da jirgin a ɗora shi a tirela, a ɗaga goshinsa kaɗan, a cire matoshin da ke ƙasan bayansa don ruwan ciki ya tsiyaye. A wanke ƙafar da ruwa mai daɗi, musamman idan a ruwan gishiri aka yi aiki.

Sai a juya ga man giya, kuma a nan ya kamata a fi natsuwa. A sauke ƙafar ta miƙe, a ajiye kwano a ƙarƙashinta, a kwance sukurun ƙasa sannan na sama, a bar man ya zube duka. A duba launinsa da kyau. Idan ya fito fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga ta robobin da ke toshe kafofi, kuma sai makaniki ya gwada ƙafar ya gano inda take yoyo. Ɗan garin ƙarfe a jikin maganaɗisun sukurun ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashi mai kauri alama ce ta haƙoran giya sun fara cinyewa. Sabon mai kuwa ta ramin ƙasa ake tura shi da ɗan famfo har ya ɓullo ta ramin sama, saboda ta haka ne iska ba ta maƙalewa a ciki. A rufe na sama kafin a zare famfon, a sa wa sukurorin sababbin washa, wato zobban da ke hana su yoyo. A ganina kuskure ne babba a ɗage wannan aiki zuwa bayan hunturu, domin ruwan da ya kwana a cikin man shi ne zai daskare ko ya sa tsatsa.

Bayan haka a cire farfela. Sau da yawa ana samun zaren fatsa ya nannaɗe a bayanta, kuma wannan siririn zare shi ke yanka roba ya buɗe wa ruwa hanya. A share sandar da farfelar ke kai, a shafa mata giris na jirgin ruwa. A duba guntayen tutiya ko alminiyom da aka ɗaura don su ci tsatsa a madadin ƙafar. Wanda ya cinye rabi a sauya shi. A karkata ƙafar zuwa hagu da dama a leƙa robobin nan masu lanƙwasa kamar zugazugi da ke haɗa ta da jikin jirgi. Tsagewa ɗaya a jikinsu tana iya nutsar da jirgi.

A tsiyaye ruwan da ke cikin injin ta matosansa kamar yadda littafin kamfanin ya nuna, sannan a zuba maganin hana daskarewa na furofilin gilaikol, wanda aka yi don jiragen ruwa, ba na mota mai guba ba. Daga ƙarshe a bar ƙafar a sauke, domin idan aka bar ta a ɗage ruwan sama yana taruwa a cibiyar farfela, robobin kuma su daɗe a miƙe har su tsattsage.

Shi batir, abin da ke kashe shi zama babu caji ne. Batirin darma cikakke yana nuna kusan volt 12.6, kuma ruwansa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, alhali wanda cajinsa ya ƙare yana iya daskarewa ƙasa da sifili kaɗan, kwandonsa ya fashe. A fara cire baƙar waya mai alamar ragi, sannan ja, don kada sifana ta taɓa ƙarfe wuta ta tashi. A goge kawunan, a ƙara tataccen ruwa idan mai murfi ne, a cika shi da caji a inda iska ke shiga, saboda yana fitar da iskar da ke kama wuta. A ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi-sanyi, a haɗa shi da caja mai tsayar da kanta idan ya cika, ko kuma a riƙa auna shi duk wata, a sake caji idan ya sauka ƙasa da volt 12.4. Batirin litiyom dokarsa daban ce: ba a yi masa caji idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili.