Kafin ka taɓa fenti a tsohon Cessna 150

Jama'a, duk wanda Allah ya hore wa ya sayi tsohon ƙaramin jirgi irin Cessna 150 ɗin nan da aka daina ƙerawa tun 1977, don Allah ka bar maganar fenti da sabbin kujeru tukuna. Fara da littafin da ake rubuta gyaran jirgin, ka zauna da makaniken da ke da lasisi ku bi shi shafi shafi, don in jirgi ya shekara biyu uku a ajiye ba a tashinsa to tsatsa na cin cikin injin Continental O-200 ɗin ko da awanninsa na aiki kaɗan ne, mai sayarwa kuwa da ƙarancin awannin zai yi ta maka talla. A juye baƙin mai a duba ko da ɓarɓashin ƙarfe a matatar man.

Sai tanki. Robar murfin in ta tsufa ruwan sama na shiga. Kafin kowane tashi tsiyayi mai daga ƙasan fiffike, inda tankin yake, a kwalba mai haske, man jirgi da ake kira 100LL shuɗi ne, ruwa kuma zai kwanta a ƙasa kamar ɗigon ƙwalla. Kuma a leƙa cikin jela da tocila, ɓeraye na son sheƙa a can, fitsarinsu na cin alminiyom.