Yadda Ake Tattaunawa da Matar da Miji Ke Duka Ba Tare da an Fama Mata Ciwo Ba

Ma'aikacin lafiya ko mai bincike da zai zauna da matar da ake duka a gidan aure, abin da zai fara nema shi ne wurin da babu kunnen kowa. Kada a ɗauko maganar a gaban 'yar rakiya, domin tana iya zama uwar mijin ko ƙanwarsa. Yaron da ya iya magana ma a fitar da shi, don da yamma zai maimaita wa babansa abin da ya ji. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 sun ce mace ɗaya za a tambaya a gida guda, a gabatar da aikin a matsayin binciken lafiyar mata, sannan a tanadi wasu tambayoyi daban, misali kan shayarwa, da za a koma kansu da zarar wani ya yi sallama.

A fara da sauƙi: "Yaya zaman gidan, 'yar'uwa? Akwai wanda kike jin tsoro?" Daga nan a ambaci abin da sunansa: mari, shaƙe wuya, jifa da wani abu, tilasta kwanciya. Mata da yawa ba sa lissafa mari a cikin duka, idan aka yi tambayar a dunƙule sai su ce babu komai.

Bayan raunin jiki akwai ciwon firgicin da likitoci ke kira PTSD. Ba a yanke cewa shi ne sai alamun sun haura wata guda. Akwai gajeren ma'auni mai tambaya 5, PC-PTSD-5, da ke duba watan da ya wuce. Tana mugun mafarki, ko abin na faɗo mata a rai ba ta so? Tana kauce wa duk abin da zai tuna mata? Kullum a ɗarare take, ƙarar buɗe ƙofa kaɗai ta sa gabanta ya faɗi? Ta ji zuciyarta ta bushe, ta janye daga mutane? Tana ɗora wa kanta laifi? Idan ta amsa e sau 3 ko fiye, a tura ta ga ƙwararre ya yi cikakken gwaji. Sai dai a lura: macen da har yanzu take kwana ɗaki ɗaya da mai dukanta, zama a ɗarare ba lallai ciwo ba ne, haɗarin ne bai wuce ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne matsa mata ta ba da labari tiryan-tiryan. Idan ta yi shiru, idonta ya kafe wuri ɗaya, numfashi ya ƙaru, a dakata. A kira sunanta, a miƙa mata ruwa, a ce ta faɗi abu biyar da take gani a ɗakin, ta ja numfashi a hankali. Kada a tambaye ta me ta yi masa, kada kuma a rufe ta da "ki yi haƙuri", wanda ta riga ta sha ji daga dangi. Abin da take buƙatar ji shi ne an yarda da maganarta, kuma ba ta cancanci duka ba. Maganin barci irin su dayazifam ma ba mafita ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2013. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, kamar CBT (jinyar gyara tunani da ɗabi'a) mai fuskantar firgici, da EMDR (jinyar da ake haɗa tuna abin da ya faru da motsa ido).

Kafin ta tashi a auna haɗari. Dukan yana ƙaruwa? Ya taɓa cewa zai kashe ta? Ya taɓa shaƙe ta? Wannan ta ƙarshe babba ce: binciken da Nancy Glass ta jagoranta a Amurka a 2008 ya nuna shaƙewa na ninka haɗarin kisa fiye da sau 7. Kada a umarce ta ta yi yaji yau ɗin nan, lokacin rabuwa na cikin mafi haɗari. A taya ta tsarawa: gidan da za ta nufa da dare, maƙwabciyar da za ta kira, 'yan kuɗin mota da katin asibitin yara a ajiye wurin amintacciya.

Idan akwai fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau sai a cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Takardar bayananta a sa mata lamba maimakon suna, a kulle, kuma kada a ba ta wani rubutu da mijin zai iya tsinta a jakarta.