Kurakuran da aka fi yi wajen rainon sabon tankin kifin ruwan gishiri

Sabon tanki yakan yi garau cikin kwana biyu, nan ne kuma mutane da yawa ke ruɗuwa su zuba kifi. Hasken ruwa ba shaida ba ne. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ita kuwa guba ce, dafinta ma ya fi ƙarfi a ruwan teku saboda pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yana wajen 8.2. Masu kawar da ita bakteriya ne iri biyu da ke manne a jikin duwatsu da yashi da soson filta: na farko su mayar da amoniya naitirait, na biyu su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kafin su yi yawa ana ɗaukar mako 4 zuwa 6.

Babban kuskure shi ne a kunna famfon da ke juya ruwan tanki a bar shi haka nan wata guda, a ce ya nuna, wato ya isa a zuba masa kifi. Bai nuna ba, domin bakteriyar ba su sami abin ci ba. Sai an ba su amoniya da gangan. Hanya mafi tsafta ita ce a ɗiga amoniyam kulorayid har gwaji ya nuna 2 ppm, wato kashi 2 cikin miliyan. Wasu na jefa ɗanyen jatan lande ya ruɓe, yana aiki, sai dai ba ka san yawan abin da ka zuba ba, ga wari. Kada a wuce 5 ppm da tunanin abin zai yi sauri, yawan amoniya dakushe aikin yake yi. Sanya kifi mai juriya don ya samar da amoniyar kuwa azabtar da shi ne, ba kuma dole ba ne.

Ruwan kansa ma ana yin kuskure a kansa. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin mai kashe bakteriyar da ake raino, na rijiya kuma yakan zo da sinadaran da ke ciyar da gansakuka. A yi amfani da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa. Gishirin miya ba ya yi, sai gishirin tanki da aka haɗa da kalsiyam da maganiziyam. A dama kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita cikin wani bokiti daban, a bar famfo ya juya shi na wasu awanni, sannan a auna da rifiraktomita, na'urar auna yawan gishirin ruwa: 1.025 ake nema, zafi kuma digiri 25 zuwa 26. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, da ruwa zalla ake cikowa, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba.

A mako na biyu ko na uku amoniya takan sauka yayin da naitirait ke hawa, ya kuma daɗe a sama. Nan haƙuri ke ƙare wa mutane, su kama wanke filta a bakin famfo, su zubar da wahalar makonni. Idan soso ya toshe, a ɗauraye shi a ruwan da aka ɗibo daga tankin. Fitila a bar ta a kashe, amma famfon tankin kada ya tsaya, domin bakteriyar nan da iska suke rayuwa. Inda ake yawan ɗauke wuta, a tanadi ƙaramin famfon iska mai batir tun kafin a fara.

Gwajin ƙarshe bai da wuya. A sake kai amoniya 2 ppm, a jira awa 24. Idan amoniya da naitirait duk sun koma sifili, naitiret kuma ya bayyana, tanki ya nuna. In ba haka ba, a ƙara mako guda. Ko an zuba bakteriyar da ake sayarwa a kwalba ko dutse mai rai (dutsen da ya riga ya ɗauki bakteriyar), waɗanda ke rage kwanakin, sai an yi wannan gwajin.

Daga nan a canja kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na ruwan don a sauke naitiret. A fara da ƙananan kifi ɗaya ko biyu, a riƙa gwada amoniya duk bayan kwana biyu, a jira mako biyu kafin a ƙara wani.