Yadda za ka tsare haƙorinka kafin a kai ga cire jijiya

Wani ƙanena da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya yi wata uku yana fama da turmin haƙorinsa na ƙasa. Wata rana sai ya ce mini, "Yaya, Alhamdu lillahi, ya daina ciwo." Mako biyu bayan nan kuncinsa ya kumbura har ido ya soma shigewa. A asibiti likita ya ce jijiyar haƙorin ce ta mutu, shi ya sa ciwon ya lafa, kuma zaɓi biyu suka rage: ko a cire haƙorin, ko a huda shi a kwashe jijiyar, a wanke ramin saiwar, a cike. Aikin na biyu yana ceton haƙori, amma yana cin kuɗi da lokaci, sau da yawa ma sai an sa wa haƙorin hula daga baya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, da tun farko ya je, ɗan ciko ya ishe shi.

Kafin komai, a cire batun tsutsa daga rai. Babu wata tsutsa da ke cin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Suna cin sukari da ragowar abinci mai sitaci, su fitar da sinadari mai tsami, shi kuma ya riƙa zaizayar farin ɓawon haƙori. Idan ya huda ɓawon sai ya shiga sashe na biyu mai taushi, a nan ɓarnar ke sauri. Daga nan sai tsakiya, inda jijiya take. Tafiyar kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma a farkonta ba ta ciwo ko kaɗan. Cikin wannan tazarar ne matakan nan ke aiki.

Mataki na farko: rage yawan lokutan da zaƙi ke shiga bakinka

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne mu mazauna Legas muke faɗuwa. Duk sanda ka sa zaƙi a baki, tsamin nan na aiki a kan haƙori na kusan rabin awa ko fiye kafin yawu ya wanke shi. Saboda haka wanda ya sha lemon kwalba lokaci ɗaya tare da abinci ya fi samun sauƙi a kan wanda ya riƙe kwalbar yana kurɓa kaɗan-kaɗan daga Agege har Obalende cikin cunkoson motoci. Na biyun bai ba wa yawunsa damar gyara komai ba.

Ka duba yinin ɗan kasuwa ko mai acaɓa: da asuba shayi mai madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, da burodin Agege mai maƙalewa a haƙori, da hantsi lemo mai sanyi, da rana alewa ko biskit, da yamma zoɓo ko kunun zaƙi, da dare a sake komawa teburin mai shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, kuma in an tsaya a giram 25 ya fi. Kwalbar lemo mai zaƙi guda ta santilita 50 na iya cinye wannan kason kusan gaba ɗaya. Ba na cewa ka bar shayi. Ka ce wa mai shayi ya rage hannu, ka haɗa zaƙi da lokacin cin abinci, ka bi shi da kurkure baki da ruwa. In kana son abin taɓawa, gyaɗa da aya sun fi alewa.

Mataki na biyu: goge baki sau biyu, na dare shi ne babba

Yawu na raguwa lokacin barci, don haka abin da ya kwana a haƙori ya samu filin ɓarna. Na san gajiyar wanda ya fita tun kafin kiran assalatu bai dawo ba sai ƙarfe goma, amma minti biyu ne kawai. Ka nemi man goge baki mai sinadarin fuloraid. Duba jikin kwalin, za ka ga an rubuta adadin fuloraid ɗin, tsakanin 1,000 da 1,500. Shi ke ƙarfafa ɓawon haƙori, har ya gyara zaizayar da ba ta zama rami ba. Buroshi ya zama mai laushi ko matsakaici, ka karkata shi wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, ka bi ciki da waje da saman turame. In ka gama, tofar da kumfar, kada ka kurkure da ruwa nan take, don maganin ya zauna. Sauya buroshi duk wata uku. Gawayi da toka da buroshi mai tauri suna kankare haƙori ne, farin da suke kawowa bashi ne.

Aswaki kuwa, mu ba sai an koya mana ba. Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin aswaki a kowace sallah. Wanda ya riƙe wannan yana kankare dattin nan sau biyar a yini. Ka yanke kan da ya tsufa, kada ka dirje dasashi da ƙarfi, kuma ka haɗa shi da man fuloraid safe da dare.

Mataki na uku: tsakanin haƙora

Buroshi ba ya shiga nan, ramuka da yawa kuma a nan suke ɓuya. Zaren sakace, wanda ake samu a manyan kantunan magani, ya fi tsinke ko ashana ko allura. Sau ɗaya a rana ya isa, musamman bayan tsire ko kilishi.

Mataki na huɗu: yara

Kada a kwantar da jariri da bulumboti mai madara ko shayi a baki. Da haƙorin farko ya fito a fara goge shi da man goge baki ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Turamen dindindin na farko suna fitowa ne wajen shekara 6, a can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa na ɗauka na yarinta ne su ƙyale shi ya ruɓe, alhali ba wani zai maye gurbinsa.

Mataki na biyar: je wurin likita tun abin yana ƙarami

Ko ba ciwo, ka je a duba a yi maka wankin haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙata. Akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, akwai kuma a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja. Baƙin ɗigo, abinci na maƙalewa a wuri ɗaya, ko tsamin haƙori in ka sha ruwan sanyi, duk alamu ne na a je a duba ko lokacin ciko ya yi. In ciwon ya koma zogi da kansa, yana tashinka cikin dare, ko abu mai zafi ya bar raɗaɗi ya daɗe, to ya taɓa jijiya.

Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi na rage zafi kafin ka isa asibiti, amma ba sa toshe rami. Kada ka danna asfirin a dasashi, ƙona shi yake yi, balle ruwan batir ko fetur da wasu ke ɗigawa. Kafso daga kemis na iya sassauta kumburi na 'yan kwanaki, tushen cutar kuma yana nan cikin haƙorin. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, ga wahalar haɗiya ko buɗe baki, kada ka jira gari ya waye. Irin wannan kumburin na iya toshe numfashi, sashen gaggawa za a nufa a daren.